Barkonon Veva da Haƙurin Chencho

Duk unguwarmu, daga bakin layin dogo har zuwa inda mata ke baje jatan lande a baho, babu wanda zai rantse maka cewa ya taɓa ganin Crescencio Zatarain yana wani abu da za a kira aiki. Chencho muke ce masa. Ni na fi kowa sani, domin katanga ɗaya ce tsakanin rumfar facin tayata da gidan abincinsu, katangar kuma ko kafaɗata ba ta kai ba. Ban da haka compadre na ne, matarsa kuma comadre ta, kamar yadda muke kiran iyayen 'yar baftismar mutum. Ni na riƙe 'yarsu Yesenia ranar da aka kai ta coci aka zuba mata ruwa a ka, saboda haka ko a tsakiyar kasuwa na zage shi, sai dai ya yi dariya ya turo min kujera.

Yana saurayi ya shiga jirgin kamun jatan lande, kamar kowane ɗan garinmu Mazatlán da ke son a ce masa namiji. Tun ba su bar gaɓa ba ya fara amai, bai tsaya ba har suka dawo. Mai jirgin da kansa ya riƙo hannunsa ya sauke shi, ya ce kifayen teku sun gode da ciyarwa, amma kada ya sake zuwa. Ya gwada aski, ya yanke wa wani ɗan sanda kunne. Ya gwada gadi, ɓarayi suka sace kujerar da yake barci a kai, suka kwantar da shi a ƙasa a hankali don kada ya farka. Wannan na ƙarshen ni na ƙara masa gishiri, amma shi ma yanzu haka yake ba da labarin.

Sai Allah ya haɗa shi da Genoveva, wadda muke ce wa Veva, lokacin tana tura amalanken sayar da jatan lande a bakin tashar mota. Har yau in ka tambaye ta me ta gani a jikinsa, cewa take yi, "Ya ba ni dariya sau ɗaya, na aure shi. Ina nan ina jiran ta biyu."

Daga amalanke suka koma rumfar kwano a ƙofar gidansu. Teburan roba ne da kamfanin lemo ya ba su, kujerun babu biyu masu kama da juna, fanka tana juyawa kamar mai ciwon wuya. Ana soya kifi, ana dafa romon kaguwa, amma abin da ke kawo mutane shi ne aguachile: ɗanyen jatan lande da aka tsaga bayansa, aka kwantar a ruwan lemun tsami da kokwamba da jar albasa, sannan aka malala masa barkonon Veva. Ƙananan barkonon daji ne, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba. Kowace safiya takan daka su a baƙin turmin dutsen da ta gada wurin kakarta. Ka ɗora a kan busasshiyar wainar masara, ka kai baki, sai ka ji kamar an buɗe maka taga a tsakiyar ka. Na ga direban tirela mai gashin baki kamar tsintsiya yana ci yana kuka yana kiran uwarsa, da ya gama ya ce a ƙara.

To, kowa ya sani tun daga kakanni, barkono yana ɗaukar zuciyar mai daka shi. In ka ci abinci a gidan mutane harshenka ya kama wuta, ba ka cewa an cika barkono, cewa kake yi, "Wa ya ɓata wa uwargida rai?" Barkonon Veva kuwa ya fi na kowa a garin nan, kuma dalilin yana nan zaune a kan kujera da singileti, yana sosa ciki.

Aikin Chencho ke nan a duniya. Shi ma bai san aiki ba ne, Allah ne ya yi shi a haka. Da safe ina buɗe rumfa zan jiyo su.

"Tsohuwa, ina silifas ɗina?"

"Duba ƙafarka."

"Au. To wa ya sa min su?"

"Chencho, fita min daga kicin."

"Yanzu zan fita. Wannan lemun ba ki ga ya yi taushi ba? Marigayiya mahaifiyata, in za ta zaɓi lemu..."

"Ka sake ambaton lemun mahaifiyarka, na rantse yau za ka je ka same ta ta zaɓa maka!"

Daga nan sai turmi ya fara magana. Gurum, gurum, har ruwan bahon da nake duba huji a tiyub ya riƙa rawa. Wata rana ya goge hannunsa mai man kifi da labulen da ta wanke. Wata rana ya ba kyanwar maƙwabta manyan jatan landen da ta ware. Wata rana ba ya yin komai, tsayawa kawai yake a bakin ƙofa yana rera waƙa, baiti ɗaya, yana maimaitawa, kuma ko baitin bai iya ba.

Har ta kai masu ci kan biyo ta wurina kafin su shiga. Tiburcio, wani tsohon direban tasi da ya fi kowa daɗewa yana ci a wurin, shi ya fara. Zai leƙo ta tagar mota ya ce, "Nabor, yaya gari yau?"

In na ce, "Da sauƙi, tsaki kawai na ji," sai ya ce bari ya ɗan zaga ya dawo. In na ce, "Yau ludayi ya tashi sama, na gan shi da idona ya wuce katanga," nan take zai sauke fasinja a tsakiyar hanya ya ce mota ta lalace.

Ita Veva ba ta ɗanɗana barkononta. Ta ce mai dakan da ke kai hannu baki bai san hannunsa ba. Idon masu ci take kallo ta ƙofar kicin. In hawaye ya zubo, ya yi.

Haka aka yi ta tafiya har Yesenia ta girma ta yi aure ta koma Tijuana. Sai wata rana da tsakar zafi, Veva tana cikin matse lemu ta ce ƙasa tana juyawa. Ta zauna a kan buhun albasa, ta kasa tashi. Ni da Tiburcio muka ɗauke ta zuwa asibitin unguwa, Chencho yana baya yana mata fifita da murfin tukunya.

Likitan yaro ne, da ƙyar gemu ya fara fito masa. Ya ɗaura mata abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa. Ya ce hawan jini ne. Ya rubuta ƙwaya, ya ce ta sha kullum, ta rage gishiri, ta rage ɓacin rai. Abu uku ya faɗa. Chencho na ƙarshen kawai ya ji.

Da yamma ya zo rumfata ya zauna a kan tsohuwar taya. Na shirya tsaf zan ce masa ga shi ya kusa gadon turmi, sai na dubi fuskarsa na haɗiye maganar. Ban taɓa ganinsa haka ba. Leɓensa har ya yi fari.

"Compadre," ya ce, "in matar nan ta mutu, ni na kashe ta."

"Haba, Chencho."

"Kai ne shaida. Kana jin mu kullum. Wa ke ɓata mata rai in ba ni ba?"

Na ce gaskiya a wannan fanni ba shi da abokin takara.

"To daga yau an gama. Kuma kai ma, Nabor, bakin nan naka ka sa masa faci. Na ji ka tsokane ta, babu ni babu kai."

Na ɗauka zancen yamma ne, gari na wayewa zai manta. Ina! Washegari sai ƙarar tsintsiya ta tashe ni. Na leƙa katanga, ga Chencho sanye da riga mai maɓalli, yana shara. Ya wanke teburan. Ya yanka albasa, duk da rabinta da fatar yatsansa aka yanka. Da Veva ta fito ya ja mata kujera.

"Sarauniyata, kin tashi lafiya? Ga ƙwayarki, ga ruwa."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"To wa ya mutu?"

"Babu wanda zai mutu, da yardar Allah."

Bai tsaya nan ba. Ya bi layin gida-gida. Ya roƙi mai kawo ƙanƙara ya daina makara. Ya roƙi mai kifi ya daina musu da ita a kan sikeli. Yaran da ke buga ƙwallo a jikin rumfa ya kora su layin baya. Makaɗan kakaki da ke shigowa ranar Lahadi, ya ce su riƙa busawa a hankali, ka ji fa, kakaki a hankali. Kyanwar ma ya daina yi mata magana. Unguwa ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Veva ta rasa wanda za ta yi wa tsawa. Duk inda ta juya sai murmushi. Ta fara daka barkono tana 'yar waƙa, turmin yana tas, tas, kamar mai daka wa jariri magani.

Ranar da na fara cin sabon dakan, na tauna, na jira. Na sake jira. Babu abin da ya zo. Ruwan lemu ne kawai da ɗan ƙamshin ganye. Na dubi Tiburcio a teburin gefe, shi ma ya dube ni, kamar mutum biyu da suka haɗu a gidan makoki. Ga Veva a ƙofar kicin tana neman hawaye. Sai Chencho ya sunkuyo kamar zai goge tebur, ya ce ta gefen baki, "Ku yi kuka."

"Me?"

"Ku yi kuka, don Allah. In ta gane, ranta zai ɓaci."

Tiburcio ya ciro hankici ya fyace majinar da babu. Ni na riƙa hura iska ina fifita baki da hannu, ina cewa, "Wash, comadre, kin kashe mu!" Ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Abokai za su yi maka kukan ƙarya, amma baƙo da ya zo da yunwarsa ba zai yi ba. A tsallaken titi kuma an buɗe wani sabon wuri, mai gilashi da talabijin uku da 'yan mata masu riga iri ɗaya. Barkononsu na kwalba ne, amma ko ba komai yana cizo. Kaɗan-kaɗan mutanenmu suka fara tsallakawa. Da farko masu gini, daga baya ma'aikatan gidan mai. Wasu don kunya sai su zagaya ta layin baya su ɓullo can. Chencho yakan tsaya a bakin rumfa da tsumma a kafaɗa yana kallon bayansu. In Veva ta tambayi ina mutane, ya ce wata bai yi ba, ko ya ce zafi ne ya hana su fita.

Ga azuminmu na kafin Ista ya ƙarato, lokacin da duk Juma'a ba a cin nama, kowa sai kifi. A nan masu sayar da abincin teku ke gyara shekararsu. Kuma mutanenmu, inda suka zauna Juma'ar farko, nan za su yi ta komawa har a gama. Chencho ya san wannan sarai. In suka zauna gaban talabijin uku, rumfar da Veva ta tayar daga amalanke sai dai a kwance kwanon a sayar.

Ya zo min da wata dabara. Ranar da Veva ta tafi coci da sassafe, sai ga shi ya rungumo turmin yana nishi, ya dire a rumfata.

"Ni zan daka. Kai kuma ka ba ni haushi. In ta dawo sai in musanya da nata."

"Compadre, yau ka kawo min aikin da na iya."

Na gyara tsayuwa. Na fara da tumbinsa, na ce in da taya ce da na ce a rage iska. Ya yi dariya. Na koma kan sanƙonsa, na ce jiragen ruwa da shi suke gane gaɓa. Ya ce wannan mai kyau ce, zai gaya wa Tiburcio. Na zagi ƙungiyar ƙwallonsa, ya ce ai shi ma ya daɗe yana faɗa. Na ce shi ba namiji ba ne, mace ke ciyar da shi. Ya ce, "Kuma da daɗi take ciyar da ni."

Na ga abin zai gagare ni, sai na ɗauko babbar sanda. Na ce, "Chencho, ko kare aka aura wa Veva da ya fi ka amfani. Shekara da shekaru tana tsaye gaban wuta, kai me ka taɓa yi mata?"

Taɓarya ta tsaya. Na ce yawwa, ga shi nan tafe. Ashe ba fushi ba ne. Ya fashe da kuka, kuka sosai, hawaye na ɗiga cikin turmi.

"Gaskiya ka faɗa, compadre. Gaskiya ka faɗa."

Ni da aka ɗauko don zagi, ni na koma rarrashi. Da muka ɗanɗana abin da ya daka, na Veva ma ya fi shi rai. Wannan in ka ci, sai ka ji kana son ka yafe wa kowa.

Tiburcio ne ya kawo dabara ta biyu, kuma a kansa nake ɗora alhakin, tunda shi ya fara. Wata rana na ga yana cin aguachile yana zufa ta gaske. Na leƙa ƙarƙashin tebur, sai ga 'yar kwalbar barkonon kanti tsakanin cinyoyinsa. Yana ɗiga wa farantin a ɓoye, ya mayar aljihu.

"Tiburcio! A gidan Veva?"

"Rufa min asiri. Ni ba zan tsallaka titi ba, amma harshena ma yana da haƙƙi."

Na kai wa Chencho labari. Kowa ya san shiga wurin mai dakan hannu da barkonon kwalba daidai yake da ka je biki da tuwonka a leda. Amma ya auna, ya ga hawayen zai zama na gaske, mutane kuma za su zauna. Ya yarda. Ya bi tsofaffin masu ci ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya zo da kwalbarsa, shi zai tsaya a ƙofar kicin, in ta taho zai yi tari. Kafin mako ya zagayo, mai kantin kusurwa ya tambaye ni ko wani biki ake shiryawa, barkononsa ya ƙare tas.

Juma'ar farko ta zo. Kafin rana ta take, rumfa ta cika, har ni na ba da aron kujeruna biyu da taya guda. Chencho yana tsaye a ƙofar kicin kamar soja, bayansa ga jama'a, idonsa a ciki. Abin da bai sani ba, lemun tsami ya ƙare, Veva ta fita ta ƙofar baya zuwa kanti. Da ta sayo, maimakon ta koma ta inda ta fita, sai ta shigo ta gaba, ta bakin titi.

Ni na fara ganinta, domin ina fuskantar titi. Na yi tari. Babu wanda ya kula, ai ba tarina aka ce a saurara ba. Na sake yi har na ƙware. Tiburcio ya miƙo min ruwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana girgiza kwalba a kan farantinsa, a sarari, don ya saki jiki.

Ta tsaya da ledar lemu a hannu. Ta dubi teburin farko. Kwalba. Na biyu, kwalba biyu. Wani malamin makaranta da matarsa suna miƙa wa juna tasu. Mai kawo ƙanƙara ya zo da babba, irin ta iyali. Hira ta fara mutuwa daga bakin ƙofa, tebur bayan tebur, har ta kai ga Chencho. Ya juyo. Ya gan ta. Sai a lokacin ya yi tari.

"Tiburcio," ta ce, muryarta a sanyaye. "Mene ne wannan a hannunka?"

"Wannan? Maganin tari ne, Doña Veva. Kin ji ai duk tari muke yi."

"A kan jatan lande kake shansa?"

"Haka likita ya ce."

Ta ajiye ledar. Ta sa yatsa a cikin kwanon barkonon da ke tsakiyar teburin, nata, dakan safiyar ranar. Abin da ba ta taɓa yi ba, ta kai baki. Muka zuba mata ido. Ta tauna. Ta jira, kamar yadda muka saba jira.

"Tun yaushe?"

Tiburcio ya tura kwalbarsa ƙarƙashin tebur.

"Na ce tun yaushe nake ba ku ruwan wanke kwano kuna min kuka?"

Chencho ya taho da gudu, ƙwaya a tafin hannu. "Sarauniyata, jininki..."

"Ka sake ce min sarauniya, sai na naɗa maka turmin nan a ka! Kai ne ka shirya wannan? Kai ne ka mayar da ni abin tausayi a rumfata? Ni, Genoveva? A zo wurina da kwalba a aljihu kamar masu zuwa duba marar lafiya?"

"Likita ne ya ce..."

"Likita ya ce in rage, bai ce a binne ni da rai ba! Unguwa guda kowa yana min murmushi kamar wawa. Mai kifi ya daina cuta ta, har na ɗauka ya kusa mutuwa ne. Kai kuma kana bina da kujera, in na yi atishawa ka kawo ruwa. Mutum ya tashi da safe ya rasa wanda zai zaga, wannan rayuwa ce?"

Ta juyo kaina. "Kai kuma, compadre, baƙin munafuki! 'Wash, comadre, kin kashe mu!' Yau kuwa zan kashe ku. Kowa ya zauna inda yake. Wanda ya tashi, kada ya sake taka min ƙofa."

Ta ɗauki bokitin shara ta bi tebur-tebur. Kowa ya jefa kwalbarsa yana kallon ƙasa. Malamin makaranta ya ce shi ba tasa ba ce, ta matarsa ce. Mai ƙanƙara ya roƙi a bar masa tasa, sabuwa ce, ta dube shi sau ɗaya ya jefa da kansa.

Ta shige kicin. Sai turmi ya ɗauka. Ban taɓa jin irinsa ba. Cokula suna rawa a kan tebur, fanka ta gyara wuyanta. Tana daka tana lissafa zunuban Chencho tun daga ranar aurensu, ta haɗa da na danginsa, har da wani kawunsa da ya ci bikin bai kawo komai ba. Ƙaurin barkono ya fito ya cika rumfar, ya tsallaka titi. Na ga mutane a bayan gilashin can suna miƙo wuya. Wasu masu gini suka bar farantinsu, suka tsallako suna tambaya ko da wurin zama.

Da aka kawo, Tiburcio ya fara. Ya kai baki, ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta cikin gashin bakinsa. Ya yi alamar gicciye. Bai iya magana ba, sai ya ɗaga babban yatsa. Ni kunnena na hagu ya toshe, har Lahadi ban ji da shi ba.

Mutum ɗaya ne bai ci ba. Chencho yana tsaye a ƙofar kicin, ƙwayar ta narke a hannunsa, yana kallon matarsa kamar mai jiran bango ya faɗi. Duk tsawar da ta yi sai ya zabura. Rumfarsa ta cika har waje, bai ko waiwaya ba. Da aka sallami na ƙarshe, ya riƙo hannunta.

"Veva, kin gama? To mu je asibiti. Ki zage ni a hanya in kina so, amma mu je."

Ta buɗe baki za ta yi masa tsawa, sai ta dubi fuskarsa. Ta cire atamfar da ta ɗaura a ƙugu ta ce, "Mu je, kafin ka mutu min a nan."

Tiburcio ya kai mu, yana tuƙi yana share ido. Likitan nan dai muka samu. Ya ɗaura mata abin awo, Chencho yana tsaye a kansa yana ba shi labari: ta yi tsawa, ta yi daka, ta zagi mutum ya fi ashirin. Likita ya duba ya ce, "Kina shan ƙwayar?" Ta ce kullum, ai ba a barinta ta manta. "Gishiri fa?" Ta ce ta rage. Ya ce to jinin ya sauka sosai, a ci gaba a haka.

"A'a, likita, sake aunawa," in ji Chencho. "Ba ka ga abin da na gani ba."

Likitan ya ɗago ya dube shi da kyau. Zufa ta jiƙa masa riga, fuskarsa ta yi ja kamar dafaffiyar kaguwa.

"Baba, zauna nan tukuna. Miƙo hannunka."

Ya auna. Ya sake aunawa. Ya fita ya kirawo wata nas ita ma ta auna. Sannan ya tambaye shi ko yana barci, ya ce rabonsa da barcin kirki tun ranar da aka kawo ta, yakan tashi ya duba ko tana numfashi. Likita ya rubuta masa ƙwaya wadda ta fi tata girma. Ya juya ga Veva ya ce, "Mama, nasa ya fi inda naki ya kai. Ku kula da shi. Ban da gishiri, ban da wahala, kuma kada a riƙa ɗaga masa hankali. Ban da tsawa."

"Ban da me?"

"Tsawa."

Na fita waje da gudu, don in na yi dariyar a ciki za a kwantar da ni.

Yanzu in ka zo da safe za ka same shi a inuwar bakin rumfa, a kujera mai matashi, ƙafa a kan akwatin lemo. An hana shi shara, an hana shi yanka albasa, ya koma inda Allah ya ajiye shi tun farko. Kuma tunda ya ji daga bakin likita cewa ba shi ne zai kashe ta ba, halinsa ya dawo har da riba. Veva ce ba ta da bakin ramawa. Sai ta cije leɓe, ta shiga kicin ta sauke a kan turmi. Masu talabijin uku kuwa sun haƙura da abincin teku, sun fara sayar da kaza.

Jiya ta kawo masa romon kifi marar gishiri, ta ajiye a gabansa a hankali.

"Ga shi, mijina," ta ce, haƙoranta a haɗe. "Sha da zafinsa."

Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska. "Tsohuwa, romon nan kamar bai ji wuta ba."

Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Ta ɗauki cokalin da ke gefen kwanon, ta riƙe shi har ya fara lanƙwasa. Sannan ta sunkuya ta gyara masa matashi.

"Yaushe likita ya ce ka koma awo?"

"Ƙarshen wata."

"To ka sha ƙwayarka da kyau, tsoho. Ka warke. Ina roƙon Allah dare da rana ka warke, don akwai maganar da nake tara maka."

Ya bi bayanta da kallo har ta shige, yana murmushi kamar wanda aka yi wa alkawarin kyauta. Ya leƙo ta kan katanga ya ce min, "Compadre, ka ji? Tana so na."